Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya (1958-1961) da Gurbin Mata a Tarihinta

1.0 Gabatarwa

Da wuya a yi nisa cikin tarihin zanen zamani a Nijeriya ba a ambaci Zariya ba. Dalili kuwa shi ne, a nan ne cikin shekarar 1958 wasu ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya suka kafa ƙungiyar da suka kira Zaria Art Society, wato Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda daga baya marubuta suka yi wa 'ya'yanta laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Shekara uku kacal ƙungiyar ta yi a raye, amma tasirinta ya bazu zuwa Ibadan da Legas da Nsukka, har ya zama ba a cika rubuta littafi a kan fasahar Afirka ta ƙarni na ashirin ba tare da an ware mata babi ba.

Abin lura shi ne, sunayen da suka yi fice a wannan tarihi duk na maza ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mata suna cikin tarihin tun daga tushensa, ta fuskoki uku: a matsayin malamai, a matsayin masu fasahar gargajiyar da 'yan ƙungiyar suka ɗora aikinsu a kanta, da kuma a matsayin masu zane na zamanin. Za a kuma duba dalilan da suka sa ba a faɗin sunayensu, musamman wani dalili da ya shafi harshe, wato yadda aka raba kalmar fasaha da kalmar sana'a.

2.0 Koyar da Zane Kafin Kafuwar Ƙungiyar

Zane irin na Turai, wato shafa fenti da burushi a kan ƙyalle ko takarda don fito da siffar mutum ko wuri, ya shigo makarantun Nijeriya ne ta hannun Aina Onabolu (1882-1963), mutumin Ijebu-Ode. Ya yi karatu a Landan da Paris tsakanin 1920 da 1922, ya dawo ya koyar a makarantun Legas. Burinsa shi ne ya nuna baƙar fata zai iya zana hoto daidai da ƙa'idar Turawa. A shekarar 1927 aka kawo wani Bature, Kenneth Murray, wanda ya ɗauki wata hanya dabam, domin shi yana ganin ya kamata ɗalibi ya zana rayuwar ƙauyensu, ya kuma riƙe sana'o'in hannu na gargajiya. Cikin ɗalibansa akwai Ben Enwonwu, wanda ya zama fitaccen mai zane da sassaƙa. Ke nan tun kafin Zariya akwai ra'ayoyi biyu da suke takara da juna, na kwaikwayon Turai da na komawa ga gargajiya.

An fara sashen koyar da zane na kwalejin a reshenta na Ibadan a 1953, sannan aka mayar da shi Zariya a 1955. Kusan dukkan malaman sashen Turawan Ingila ne, kuma manhajar da suka zo da ita irin ta makarantun zane na Landan ce. Ɗalibi yakan koyi zana jikin mutum da ƙa'idar nesa da kusa da tarihin fasahar Turai, amma ba a tanadi darasi a kan tagullar Benin ko kawunan Ife ko gumakan Nok ba, balle zanen bangon gidajen birnin Zazzau da ke 'yan mil kaɗan daga ajin. Wannan giɓi shi ne ya haifar da ƙungiyar.

3.0 Ƙungiyar da Manufarta

An kafa ƙungiyar a watan Oktoba na 1958, shekara biyu kafin samun mulkin kai. Daga cikin 'ya'yanta akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe da Okechukwu Odita da Ogbonnaya Nwagbara da William Olaosebikan da Felix Ekeada. Sukan haɗu bayan darasi su tattauna, idan kuma aka yi hutu kowa ya koma gida ya tattaro tatsuniyoyi da zane-zanen ƙabilarsa, ya dawo ya gabatar wa 'yan'uwansa.

A shekarar 1960 Uche Okeke, wanda yake shugabancin ƙungiyar a lokacin, ya bayyana manufarta da wata kalma ta Turanci, Natural Synthesis. Abin da yake nufi shi ne mai zane ya karɓi kayan aiki da dabarun da ya koya a makaranta, ya gauraya su da fasahar da ya gada, gaurayen da zai zo da kansa ba tare da tilas ba. Bisa ga wannan ra'ayi, kwaikwayon Turai tsagwaronsa bauta ce, maimaita aikin kakanni ba ƙari kuma tsayawa wuri ɗaya ne. Kowane ɗan ƙungiya ya nemi tasa hanyar. Onobrakpeya ya shiga tatsuniyoyin Urhobo da fasahar Benin. Nwoko daga baya ya yi gumakan yumɓu masu kama da na Nok, sannan ya koma tsara gine-gine. Grillo ya shahara da zanen matan Legas cikin launin shuɗi. Jimo Akolo, wanda ya yi karatu tare da su, ya fi karkata ga rayuwar Arewa, kamar yadda ake gani a zanensa na mahayan dawaki Fulani na 1962.

Ƙungiyar ta watse a 1961 lokacin da jagororinta suka kammala karatu, kuma a 1962 kwalejin ta zama ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello. Okeke da Nwoko sun shiga ƙungiyar Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961, inda marubuta irin su Wole Soyinka da Christopher Okigbo suke haɗuwa da masu zane. Grillo kuwa shi ne ya zama shugaban farko na Ƙungiyar Masu Fasaha ta Nijeriya. Wannan shi ne tarihin kamar yadda aka saba bayar da shi.

4.0 Mata a Cikin Tarihin

4.1 Malamar Sashen

Tun shekarar da aka mayar da sashen Zariya akwai mace 'yar Nijeriya cikin malamansa, ita ce Clara Etso Ugbodaga-Ngu. A Kano aka haife ta, iyayenta kuwa mutanen ƙasar Edo ne. Ta koyar a makarantun mishan, sannan a 1950 ta sami tallafin karatu zuwa makarantar zane ta Chelsea a Landan, ta kuma ƙara da takardar shaidar koyarwa a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan. Ta koyar a Zariya daga 1955 zuwa 1964, wato duk tsawon rayuwar ƙungiyar tana nan, kuma 'yan ƙungiyar sun zauna a ajinta.

A shekarar 1958, shekarar da ɗalibanta suka kafa ƙungiyarsu, ita ta riga ta kai matsayin yin nunin zane-zanenta ita kaɗai a Cibiyar Ƙasashen Renon Ingila da ke Landan. Zanenta na 1960 mai suna Abstract, wanda yake ajiye a Jami'ar Birmingham, bai ɗauki siffar mutum ko dabba ba, launuka ne da layuka da aka tsara su yi magana da kansu, kuma irin wannan salo bai yawaita a Nijeriya ba a wancan lokaci. Ta kuma zana matan kasuwa da mabarata. Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa ɗaliban da ake kira 'yan tawaye suna da misali a gabansu na 'yar ƙasa da ta ƙware a dabarun Turai ta kuma juya su zuwa ga rayuwar gida. Duk da haka, littattafai da yawa sukan ambace ta ne a layi ɗaya ko biyu, a matsayin malamar wane da wane.

4.2 Uli da Adire

Fuska ta biyu ta fi ta farko zurfi. Da aka ce kowa ya koma ga fasahar da ya gada, abin da Uche Okeke ya tarar shi ne uli. Uli zane ne da matan Ibo suke yi wa juna a jiki da ruwan 'ya'yan wasu itatuwa, suna kuma yin sa a bangon ɗakuna da wuraren bauta da farar ƙasa da jar ƙasa da gawayi. Ya yi kama da lalle ta fuskar cewa ado ne na ɗan lokaci, na jiki yakan goge cikin kwanaki, na bango kuma damina ta wanke shi a sake wani. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya sami wannan ilimi ne daga mahaifiyarsa, wadda ta iya uli. Siraran layuka masu lanƙwasa da ake gani a jerin zanensa na 1962 mai suna Oja Suite daga nan suka fito. Bayan yaƙin basasa, da ya zama shugaban sashen zane na Jami'ar Nsukka, ya sa uli cikin manhaja, har aka sami wata makaranta guda ta masu zane da aka sani da wannan salo.

Haka abin yake ga adire, wato rinin shuni na matan Yarabawa na Abeokuta da Ibadan da Oshogbo, inda ake ɗaure ƙyalle ko a zana shi da kullun rogo kafin a tsoma a baba. Alamomin adire sun shiga ayyukan Onobrakpeya da na masu zane da dama da suka biyo baya. Hausawa na cewa tushiya mafarin dawa. Idan aka bi tushen gaurayen da ƙungiyar Zariya ta yi kira a kansa, za a tarar wani babban kaso nasa ilimi ne da mata suka riƙa miƙa wa 'ya'yansu mata tsawon ƙarnoni. Bambancin shi ne, da ilimin ya hau takarda sai ya sami sa hannu da shekara da farashi, abubuwan da bai taɓa samu ba a jikin bango.

4.3 Ladi Kwali

A daidai lokacin da ake wannan muhawara a Zariya, wata maginiyar tukwane tana aikata irin abin da ake muhawara a kansa a garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja. Ladi Kwali 'yar Gwari ce daga ƙauyen Kwali, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau yana cikin masu tara tulunanta, kuma a fadarsa ne Michael Cardew, Baturen da gwamnati ta ɗauka don inganta ginin tukwane, ya fara ganin aikinta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya buɗe a Abuja, ita ce mace ta farko a wurin.

A cibiyar ta koyi aiki da faifan juya yumɓu da shafe mai ƙyalli da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Amma manyan tulunanta ta ci gaba da gina su da hannu kamar yadda matan Gwari suke yi, tana tsaga musu siffofin kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi. Siffar tulun ta gida ce, shafen da gashin na waje ne. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta zaga Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma rasu a Minna a 1984. Hotonta ne aka sa a bayan takardar naira ashirin. Bayanta wasu mata sun shiga cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Ladi Kwali ba ta rubuta wata takardar manufa ba, don haka aka daɗe ana sa ta a babin sana'o'in hannu, su kuwa 'yan Zariya a babin fasahar zamani, alhali aikin iri ɗaya ne.

4.4 Colette Omogbai da Afi Ekong

Akwai kuma matan da suka riƙe burushi suka yi zane irin na makaranta. Colette Omogbai ta yi karatu a sashen zane na Zariya a farkon shekarun 1960, an kuma nuna aikinta a Mbari ta Ibadan a 1963 tun tana ɗaliba. Zanenta na wannan shekara mai suna Agony yana nuna jikin ɗan'adam a murɗe cikin azaba. Da aka soki irin wannan salo, sai ta mayar da martani a mujallar Nigeria Magazine a 1965, inda ta nuna cewa jama'a sun fi son zane mai daɗin kallo wanda ba ya bukatar tunani, ita kuwa tana ganin aikin mai zane ya haɗa da fito da abin da yake damun rai. Ta ƙaro karatu a makarantar Slade ta Landan, daga baya ta koma harkar ilimi, sunanta kuma ya yi ƙasa a fagen zane na shekaru masu yawa. A Legas kuwa, Afi Ekong 'yar Kalaba ta yi nunin zane-zanenta ita kaɗai a 1958, ta kuma gudanar da gidajen nuna zane da suka taimaka wa masu zane da dama, maza da mata, wajen samun masu saye.

5.0 Dalilan Rashin Ambaton Mata

5.1 Rabon Kalmomi

Dalili na farko yana cikin harshe. Turancin makaranta ya zo da rabo tsakanin abin da ake ratayewa a bango don kallo da abin da ake amfani da shi a gida. Na farko shi ne mai daraja, mai shi yana da suna. Na biyu aikin hannu ne, akan danganta shi ga ƙabila kawai, a ce tulun Gwari ko ƙwaryar Fulani. Da aka zo fassara wannan rabo da Hausa, sai aka ba na farko kalmar fasaha, na biyu kuma sana'a.

Asalin kalmomin bai goyi bayan wannan rabo ba. Fasaha daga Larabci take, inda take nufin iya magana da tsarkin lafazi, Hausa kuma ta faɗaɗa ta zuwa hazaƙa da dabara a kowane aiki. Sana'a ita ma Balarabiya ce, kuma a Hausa ta ƙunshi ƙira da saƙa da rini da dukanci da sassaƙa da gini baki ɗaya. Bahaushe yakan auna daraja ne da kalmar gwani ko gwana, ba tare da duba ko aikin na kallo ne ko na amfani ba. Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a ƙarni na goma sha tara, sarautar Babban Gwani aka ba shi. Har ila yau, aikatau ɗaya ne, gina, ake amfani da shi ga mai ɗaga soro da mai ɗaga tulu, shi magini, ita maginiya. Saboda yawancin ayyukan mata na amfanin gida ne ko na adon jiki, sabon rabon ya tura su gaba ɗaya zuwa ɓangaren da ba a rubuta suna.

5.2 Ƙarancin Makarantun Mata

Dalili na biyu shi ne hanyar shiga kwalejin. Ana bukatar takardar sakandare, ga shi kuwa sakandaren 'yan mata ta gwamnatin Jihar Arewa, wato makarantar Sarauniya Elizabeth ta Ilori, sai a 1956 aka buɗe ta, shekara biyu kafin kafa ƙungiyar. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa matan da aka ambata a fagen zanen makaranta 'yan asalin Kudu ne, ko da an haifi wata a Kano. Har mazan ƙungiyar ma daga Kudu suka zo. Ga kuma taka-tsantsan da al'ummar Musulmi take yi game da zana siffar mai rai, wanda ya sa gwanintar Hausawa ta fi bayyana a zayyana da dagi da aska takwas da sauran zane-zanen da ba su da siffar halitta.

5.3 Abin da Ba Ya Daɗewa

Dalili na uku shi ne irin kayan aikin. Lalle yana gogewa, faifai da tabarma suna tsufa, ƙwarya tana fashewa, jeren ɗakin amarya kuma ana sauke shi. Mai rubuta tarihi yana bin abin da aka ajiye ne, gidajen ajiya kuwa sun fi karɓar abin da yake da firam. Inda aka yi ƙoƙarin tattarawa an ga yawan abin da ake asara. Alal misali, David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976, kuma a 1986 an yi wani nuni a Los Angeles ta Amurka na ƙoren da aka yi wa ado a arewa maso gabashin Nijeriya, aikin da a wurin ƙabilu da dama na yankin, irin su Bura da Tera da Ga'anda, mata ne suka fi riƙe shi.

6.0 Abin da Ya Biyo Baya

Uli da ya shiga jami'a ta hannun namiji ya sake komawa hannun mata ta wata hanya. Daga Nsukka aka sami Chinwe Uwatse da Ndidi Dike da Marcia Kure, wadda aka haifa a Kano a 1970. A Oshogbo, Nike Davies-Okundaye ta ɗaga adire zuwa manyan gidajen nuni, ta kuma koya wa ɗimbin mata. A Maiduguri, Fati Abubakar ta fara ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a 2015, ƙarƙashin sunan Bits of Borno, a lokacin da duniya ba ta jin komai daga can sai labarin tashin hankali. Ta fuskar nazari kuma, littafin Chika Okeke-Agulu na 2015, Postcolonial Modernism, ya yi bayanin ƙungiyar Zariya dalla-dalla tare da ba Omogbai wuri, sannan babban nunin fasahar zamani ta Nijeriya da gidan Tate Modern na Landan ya buɗe a 2025 ya haɗa ayyukan Ladi Kwali da na Ugbodaga-Ngu da na 'yan Zariya a ƙarƙashin rufi ɗaya.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya ta cancanci matsayin da tarihi ya ba ta, domin ita ce ta fara bayyana a fili yadda mai zane ɗan Nijeriya zai yi amfani da ilimin makaranta ba tare da ya rabu da gida ba. Sai dai gidan da ta koma gare shi, a wurare da yawa, ɗakin mata ne, kuma akwai mace cikin waɗanda suka koya wa 'ya'yanta riƙon burushi.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan masana harsuna a nan. Sunayen zane-zanen lalle da na ƙwarya da na faifai da na ɗinkin hula, da kalmomin da maginiya take amfani da su tun daga kwaɓa yumɓu har zuwa gashi, suna bakin tsofaffin da suke ƙarewa, a Hausa da Kanuri da Fulfulde da Gwari da Bura. Tattara su tare da sunan wadda aka ji daga bakinta da garinta da shekarar da aka yi hira da ita zai wadata ƙamus, zai kuma ba mai rubuta tarihin fasaha na gaba sunayen da na baya bai samu ba. Ya kamata kuma masu tsara kalmomin koyarwa su sake duba yadda ake amfani da fasaha da sana'a a littattafan makaranta, don kada ɗalibi ya tashi da zaton cewa aikin kakarsa bai kai a kira shi fasaha ba.